Danshi a Ɗakin Ajiya: Yaushe A Ke Buɗe Taga, Yaushe A Ke Rufe Ta

 

Darasin wannan mako na masu rumbu ne, da masu mangaza, da matan da ke riƙe da makullin bankin cimaka, musamman a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Mai karatu ya karanta wa jama'a shi a hankali, sashe sashe. In an ƙare sashe a dakata, a tattauna, sa'an nan a ci gaba.

1. ABIN DA YA SA MU KA ƊAUKO WANNAN MAGANA

Kowa ya san ɓarnar kusu da ta gara da ta ƙwaro, domin ana ganinsu da ido. Ɓarnar danshi kuwa ba a lura da ita sai ranar da a ka janye buhun ƙasa, a ka tarar da gindinsa ya yi baƙi, hatsin ya dunƙule, yana warin fumfuna.

A wannan yanki namu ruwan shekara ya kan kama daga milimita 400 zuwa 600, kuma kusan dukansa yana sauka ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas iska busasshiya ce. Wannan shi ya ke sa mutane su manta da danshi. Amma ku lura. Hatsin da a ke ajiyewa a bankin cimaka ba don watan Janairu a ke ajiye shi ba. Don Yuli da Agusta ne, lokacin da rumbun gida ya ƙare, tiya ta yi tsada, manomi yana tsakiyar noma. To, wannan lokacin ne kuma iska ta fi jiƙa a shekara duka. Watau ranar da mu ka fi bukatar abincin ita ce ranar da ya fi shiga haɗari.

Haka nan ga masu warantaji, waɗanda su ke jinginar da amfanin gona a mangaza mai kwaɗo biyu, su karɓi bashi da kaka, su biya da bazara in kaya sun yi daraja. An fara wannan tsari a Nijar tun 1999. In kaya su ka lalace a cikin mangaza, bashi bai lalace ba. Sai an biya.

A damanar 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasarmu, jahar Maraɗi kuwa tana cikin waɗanda su ka fi shan wuya. Ɗakunan da su ka rushe kowa ya gan su. Amma ɗakin da ya tsaya bayan irin wannan ruwa, bangonsa da daɓensa sun sha sun ƙoshi, su kan yi watanni suna mai da ruwan cikin ɗaki.

2. ISKA TANA SHAN RUWA

In kun gane wannan sashe, sauran darasin mai sauƙi ne.

Iska tana ɗauke da ruwa ko da yaushe, ruwan da ba a gani. Iska mai zafi tana iya ɗaukar ruwa da yawa. Iska mai sanyi kaɗan ta ke iya ɗauka. Ku ƙaddara akwati mai mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi, mita 1 a tsayi, cike da iska. In zafin iskar digiri 30 ne, tana iya riƙe ruwa giram 30, watau kamar cokali biyu na cin abinci. In ta huce zuwa digiri 20, giram 17 kawai ta ke iya riƙewa. In ta kai digiri 40, sai ta riƙe giram 51.

To, in iskar da ta sha ruwa da rana ta taɓa wani abu mai sanyi, ina ruwan da ya yi mata yawa zai tafi? Sai ta sauke shi a jikin abin. Wannan shi ne raɓar da mu ke gani a kan ciyawa da asuba. Shi ne kuma zufar da kwalbar lemo mai sanyi ta ke yi a kasuwa. Kwalbar ba ta yoyo. Ruwan iska ne ya zauna a jikinta.

Ga misali. Mangaza mai mita 5 a tsawo, mita 4 a faɗi, mita 3 a tsayi, tana cin irin wannan akwati 60. Da yammacin malka kowane akwati yana iya ɗauke da ruwa giram 24. In dare ya yi, rufin kwano ya huce zuwa digiri 22, iskar da ta taɓa shi giram 19 kawai za ta iya riƙewa. Saura giram 5. Giram 5 sau 60 giram 300 ke nan, cikin babban kofi. Ruwan da ke iya taruwa a ƙarƙashin kwano ke nan a dare guda, ya ɗiga kan buhunan sama, alhali rufi bai huje ko ina ba.

Hatsi ma haka ya ke. In iskar da ke kewaye da shi busasshiya ce, sai ya ba ta ruwansa. In jiƙaƙƙiya ce, sai ya sha daga gare ta. Masana sun auna sun ga fumfuna ba ta tsira sai danshin iska ya wuce kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Da malka danshin iskarmu ya kan wuce kashi 80 da dare da safe. A watannin Fabrairu da Maris kuwa ya kan faɗi ƙasa da kashi 20.

3. YADDA MASU NA'URA SU KE YI

A ƙasashen sanyi, kamar Faransa da Amurka, gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda su ke ajiye kaya. Ɗakin ya fi waje sanyi, saboda haka kullum yana fama da danshi. Dabara biyu su ke yi masa. Ta fari, na'urar ɗumama ɗaki ta ɗumama iska don ta sha ruwan bango, sa'an nan fanka ta fitar da ita waje. Ta biyu, na'urar sanyaya ɗaki ta jawo iska ta bi ta kan bututai masu sanyi ƙwarai, ruwan ya zauna a jikin bututan, ya tsiyaye waje ta tiyo. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan banki ko ofis a Maraɗi ya ga ruwa yana ɗiga daga irin wannan na'ura. Ruwan iskar ɗakin ne a ka matse. Hasali ma na'urar farko ta wannan iri, wadda Willis Carrier ya ƙera a 1902, don wata maɗaba'a ta birnin New York a ka yi ta, saboda danshi yana lanƙwasa musu takarda.

Mu a karkara ba mu da wutar da za mu ja waɗannan na'urori. Amma aikin da su ke yi Allah ya ba mu masu yin sa kyauta. Rana ita ce mai ɗumamawa. Hunturu shi ne mai busarwa da sanyayawa. Taga da ƙofa su ne makunni. Abin da ya rage shi ne sanin lokacin buɗewa da lokacin rufewa, da toshe hanyoyin da danshi ke bi ya shigo. Hanyoyin uku ne: cikin hatsin kansa, ƙasa, da iska.

4. HANYA TA FARI: RUWAN DA KE CIKIN HATSI

Mafi yawan danshin mangaza a cikin buhu ya ke shigowa, a kan jaki ko amalanke. Yanzu manoma da yawa suna shuka iri mai saurin nuna, hatsi da wake, ana girbi tun cikin Satumba ruwa bai ɗauke ba. Har cikin Oktoba ma akwai raɓa. Mai bashi yana jira, kasuwa tana kira, sai a yi hanzarin ɗurawa.

Ga awon da ya kamata kafin ajiya. Hatsi, dawa da wake kada ruwansu ya wuce kashi 13 cikin 100. Gujiya ɓararriya kada ta wuce kashi 7 zuwa 8, domin mai mai ce.

Ku duba wannan lissafi. Buhu mai kilo 100 da a ka ɗura da ruwa kashi 18, sai ya fitar da kusan lita 6 kafin ya sauko kashi 13. In irin wannan buhu 50 ne a mangaza, ruwan ya kusa lita 300, watau duro ɗaya da rabi. Wa zai yarda a zuba masa duro ɗaya da rabi na ruwa a ɗakin ajiya? To, wanda ya karɓi ɗanyen hatsi abin da ya yi ke nan.

Ga yadda za a yi shanya:

a) A shanya a kan tamfol, ko tabarma, ko daɓe mai tsabta. Ban da tsurar ƙasa.
b) A baza da faɗi, kada kaurinsa ya wuce yatsa uku. A riƙa juyawa.
c) A fara bayan raɓa ta bushe, a kwashe kafin rana ta faɗi.
d) Damman hatsi a jera su a kan itatuwa, iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi.
e) In an kwashe shanya, a bar ta ta huce a inuwa kafin a ɗura. Hatsi mai zafi in ya shiga buhu ko duro zufa zai yi.

Ga kuma yadda za a gane an bushe. Gwajin haƙori kowa ya san shi: busasshen ƙwaya ƙas ta ke fashewa, ɗanya kuwa lotsawa ta ke yi. Gujiya a girgiza ta cikin ɓawonta, a ji tana kaɗawa. Amma akwai gwajin da ya fi waɗannan tabbas, shi ne gwajin gishiri. A samu kwalba mai tsabta, busasshiya ƙayau, mai marfi. A soya gishiri kaɗan a kasko ba mai, ya huce. A zuba hatsi kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a ƙara gishirin cokali biyu ko uku, a rufe, a girgiza minti 1, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin ya wuce kashi 15, a mai da shi rana. In kwalba ta fito garau, ya kusa. A ƙara masa shanyar yini guda don a tabbata.

Kwamitin bankin cimaka ya sa wannan doka: ba a karɓar buhu sai an gwada shi a bakin ƙofa, ko na wane ne. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

5. HANYA TA BIYU: RUWAN DA KE TASOWA DAGA ƘASA

Bangon laka da daɓe suna jan ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Siminti ma yana ja, sai dai a hankali. Alamarsa ita ce gindin bango ya yi duhu, ko ya yi farin gari kamar kanwa, yaɓe yana ɓarɓashewa.

Wannan ya fi damun garuruwan da ke bakin Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Gidan Rumji, da waɗanda ke kwarin Gulbin Kaba, wajen Gazawa, inda ruwan ƙasa ba shi da nisa. Dattawa sun san cewa birnin Maraɗi kansa a cikin kwari ya ke da, sai da ambaliyar 1945 ta ci shi a ka mai da shi kan tudu. Har a garuruwan jigawa ma akwai tsofaffin ɗakuna da shagunan kasuwa waɗanda hanya ta cike ta fi su tudu, sai an sauka a ke shiga. Irin wannan ɗaki da ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Turawa ciwonsu ɗaya.

Ga yadda za ku san ko danshin ɗakinku daga ƙasa ya ke, ko daga iska. Ku yanko leda mai kauri, kamu ɗaya a kowane gefe. Ku shimfiɗa ta a kan daɓe, ku danne gefunanta duka da yashi busasshe. Ku bar ta kwana biyu. In kun ɗaga kun ga ruwa a ƙarƙashinta, daga ƙasa ya ke. In a bisanta ya ke, daga iska ne. In daga ƙasa ne, buɗe taga kaɗai ba zai yi magani ba.

Maganinsa ga shi:

a) Kada buhu ya taɓa ƙasa. A yi masa gadon katako ko na itace, tsayin santimita 10 zuwa 15.
b) Kada buhu ya jingina da bango. A bar ratar rabin mita, yadda mutum zai iya kewayawa ya duba.
c) A cike gindin bango ta waje da ƙasa, a yi mata gangare. A haƙa lambatu kewaye da ɗaki, ya kai ruwa nesa.
d) Indararo ya yi tsawo, kada ya zuba a gindin bango. A sa duwatsu inda ruwansa ke faɗuwa.
e) Rumbun zana ko na laka a ɗora shi a kan duwatsu ko itatuwa, tsayin kamu ɗaya ko fiye. Kada a tara shara ko taki a ƙarƙashinsa. Wurin hanyar iska ne.
f) Mai sabon gini ya nemi tudu. Daɓe ya fi ƙasar waje tsayi. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba siminti. Tun ran gini, ran zane.

6. HANYA TA UKU: ISKA DA RUFI

Kafin ruwan fari a hau rufi a duba. Jinkar rumbu a sake mata ciyawa, ta sauko ta rufe jikin rumbu sosai. Soro a yaɓe shi. Kwano a toshe ramukan ƙusa. Tsagar bango a cike ta, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Rufin kwano yana da wani aibi ban da yoyo. Da rana ya fi komai zafi, da dare ya fi komai sanyi, shi ya sa ya ke zufa. Saboda haka a bar ratar mita 1 tsakanin buhun sama da kwano. In da hali a yi rufin ciki da zana ko tabarmar kaba, ya tare zafi, ya tare ɗiga.

Mangaza tana bukatar ƙofofin iska iri biyu: ƙanana a ƙasa, sama kaɗan da daɓe, da wasu a sama kusa da rufi, a bangon da ke fuskantarsu. Iska mai zafi sama ta ke tashi. In ta fita ta sama, sai ta jawo sabuwa ta ƙasa. Kowace ƙofa a sa mata ragar ƙarfe saboda kusu da tsuntsu, a yi mata kuma marfi. Ƙofar iskar da ba ta rufuwa rabin aiki ce.

7. LOKACIN BUƊEWA DA LOKACIN RUFEWA

Mutane da yawa sun ɗauka ko yaushe a ka buɗe taga ɗaki zai bushe. Ba haka ba ne. Taga tana fitar da danshi, tana kuma shigo da shi. Dokar guda ce: a buɗe in iskar waje ta fi ta ciki bushewa, a rufe in ta fi ta jiƙa.

Da kaka, Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Sabon hatsi yana fitar da sauran ruwansa. A buɗe da hantsi, a rufe da la'asar sakaliya, kafin raɓa.

Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu. Wannan shi ne lokacin riba. Iska ta bushe, ta kuma yi sanyi. A bar ƙofofin iska a buɗe har da dare, sanyi ya ratsa buhuna. Ƙwaro ba ya hayayyafa da sauri cikin sanyi, fumfuna ba ta tsira cikin bushewa. Ɗakin da ya sha ruwa da damana ma yanzu ne lokacin busar da shi.

Da bazara, Maris zuwa Mayu. Iska busasshiya ce amma wuta ce. A rufe da tsakar rana, a buɗe da dare da asuba. Amma da zarar iska ta juya ta fara zuwa daga kudu maso yamma, jiki ya fara naso, to, a daina buɗewa da dare. Danshi ya kan riga ruwan fari isowa da makonni.

Da damana, Yuni zuwa Satumba. A rufe. Hatsin da ya shiga damana a bushe, cikin ɗaki rufaffe, ya fi zama lafiya. Ba a buɗewa da dare, ba a buɗewa da safe, ba a buɗewa in hadari ya haɗu. Mafi muni shi ne a buɗe bayan ruwa ya ɗauke, rana ta fito, ƙasa tana tururi. Wannan iska mai ɗumi ce, ta ƙoshi da ruwa. In ta shiga ɗaki mai sanyin daɓe, nan za ta sauke kayanta. In a na son a sake wa ɗaki iska, a jira kwana biyu ba ruwa, a buɗe daga azahar zuwa la'asar, sa'an nan a rufe.

Ga wani ɗan gwaji ga masu ɗaki mai zurfi. A ajiye kwalba cike da ruwa, a rufe, a kan daɓen ɗakin kullum. In za a buɗe tagogi, a fara fito da ita waje cikin inuwa, a goge ta, a jira minti kaɗan. In ta yi zufa, kada a buɗe. Abin da iska ta yi wa kwalba shi za ta yi wa daɓe da bango.

Gargaɗi: kada a hura gawayi a rufe ɗaki wai don ya bushe. Zafi ba ya kashe ruwa, ɗaukarsa kawai ya ke sa iska ta yi. In ba mafita, da wuta ta mutu ruwan zai koma inda ya fito. Ban da haka hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum, ga kuma gobara.

Kada kuma a haɗa hatsi ɗaki ɗaya da randar ruwa, ko albasa, ko ɗanyar harawa, ko takin zamani, ko maganin ƙwari.

8. BUHU MAI LEDA BIYU A CIKI

Tun 2007 a ka fara yaɗa buhun PICS a ƙasarmu, aikin Jami'ar Purdue ta Amurka tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, reshen Maraɗi. Leda biyu ce mai kauri cikin buhun saƙa, kowace a ɗaure ta dabam. Ƙwaron wake ya shanye iskar ciki, ya mutu, ba a sa magani ba. Ledar tana kuma hana danshin damana shiga.

Amma ku ji da kyau. Ledar da ta hana danshi shiga ita ce za ta hana shi fita. Buhun ba ya busar da komai. Abin da ka ɗaure shi za ka kwance. Saboda haka gwajin gishiri ya zama tilas kafin ɗauri. A duba leda kada ta huje. A ajiye buhun a inuwa, a kan gado. In rana ta bugi gefe guda na buhu ko na duron ƙarfe, ruwan cikin waken sai ya gudu daga gefen zafi ya taru a gefen sanyi, nan ya ruɓe.

Akwai kuma dabarar gasa wake a rana. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza wake, a rufe da leda mai garau, a naɗe gefuna a danne da duwatsu, awa 2 da tsakar rana. Zafin ya kan wuce digiri 57, ya kashe ƙwaro da ƙwansa. Wannan don ƙwaro a ke yi. Ba shanya ba ce, domin ruwa ba ya fita ta leda. A fara shanya tukuna, a gasa, a yaye leda, a huce, sa'an nan a ɗura.

9. GUJIYA DA GUBAR FUMFUNA

Asarar danshi ba ta tsaya ga aljihu ba. Akwai wata fumfuna mai launin kore da rawaya da ke kama gujiya da masara in ba su bushe ba. Tana barin guba da a ke kira aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 su ka mutu a Ingila saboda abincin tunkuzar gujiya da a ka ba su. A 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 su ka mutu bayan sun ci masarar da a ka ajiye da danshi.

Wannan guba dahuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Kaɗan kaɗan tana cin hanta, tana kawo ciwon daji na hanta, tana hana yara girma. In an ba saniya ko akuya, tana fitowa cikin nono.

Iyayenmu mata masu mai da ƙuli-ƙuli, wannan sashe naku ne. Ku tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta motse, ko ta yi ɗaci, ku binne ta. Kada a ba yara, kada a ba kaji. Kada a yayyafa wa gujiya ruwa don ɓara ta yi sauƙi. Wadda za a daɗe ba a taɓa ba, a bar ta cikin ɓawonta. Aya da riɗi ma a tabbata sun bushe kafin su shiga buhu.

10. DUBAWA KOWANE MAKO

Mai makulli ya shiga mangaza sau ɗaya a mako, da damana sau biyu. Ya shinshina tun daga bakin ƙofa. Ya duba gindin bango da ƙarƙashin kwano da sassafe. Ya cusa hannu tsakanin buhuna. In ya ji ɗumi a wuri guda, akwai ruwa ko ƙwaro a nan, domin jiƙaƙƙen hatsi zafi ya ke yi da kansa.

In an sami buhu mai danshi, a fitar da shi ranar, tare da maƙwabtansa. A zazzage, a ware wanda ya yi fumfuna, a shanya sauran, a fara amfani da shi. Kada a gauraya shi da mai kyau don a ɓoye. A rubuta a littafin kwamiti, a gaya wa jama'a. Irin shuka kuwa a fi kula da shi, domin danshi ya kan kashe tsironsa tun ido bai ga alama ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. A garinku, wane wata ne a ka fi samun hatsi ya lalace? Me ya sa?
2. Mangazarku tana da ƙofofin iska sama da ƙasa? Suna rufuwa?
3. Wa ke buɗe tagogi, wa ke rufewa, kuma da wane lokaci?
4. In buhun mai gari ya kāsa gwajin gishiri, me kwamiti zai yi?

Aikin wannan mako: kowace ƙungiya ta yi gwajin leda a daɓen mangazarta, ta yi gwajin gishiri a buhu biyar. Abin da ku ka gani ku gaya wa malamin gona na gundumarku, ku kuma aiko mana mu karanta a rediyo don wasu garuruwa su ƙaru.

Allah ya sa albarka cikin abin da mu ka noma, ya kai mu baɗi da rumbu cike. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda. Mu huta lafiya.